Yadda Na Kai Tulu Maraɗi Na Komo da Abina

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na je rijiya, "Maman Iliya, yaya Maraɗi?" In na je niƙa, "Maman Iliya, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon taɓarya?" Har waɗanda ranar tafiyata suka ce tsufa ne ya fara taɓa mini kai, yanzu su ne a sahun gaba wajen neman labari da leƙen jakar tsaraba. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga fari har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, sai ya biyo ni gona ya taya ni roron wake.

Bari in fara da abin da ya fitar da ni, don ba yawon buɗe ido na je ba. Mu a Gidan Nomau, can bayan Tsanyawa, Kirista ne tun zamanin surukina. Lokacin da aka kawo ni garin ina amarya, in ka makara ranar Lahadi sai dai ka yi sujada ta taga. Yau in aka ƙirga mu kaf, maza da mata, har da Baba Dogo da ke fara barci tun waƙar farko, mu goma sha ɗaya ne. Samari sun watse Kano da Kaduna, don gonakinmu an raba an sake rabawa har ta kai in ka yi tuntuɓe a taka, a ta maƙwabci za ka faɗi. Wasu sun mutu, cikinsu har da maigidana. Wasu kuma gajiya kawai suka yi. Fastonmu an yi masa canjin wurin aiki shekara uku ke nan, aka ce mu yi haƙuri, manyan ikilisiya suna addu'a a kan lamarinmu. Da alama addu'ar doguwa ce, don har yau ba su kai Amin ba.

Daminar bana kuma bangon gabas na majami'ar ya zauna. Ba a yi kwana uku ba na tarar da wani ɗan'uwan maigidana yana taka filin yana ƙirgawa da ƙafa. Na ce, "Lafiya?" Ya ce a'a, motsa jini yake yi. Mutumin da ya yini yana huɗa, wai shi ne ke neman motsa jini. Gonar gyaɗa yake auna wa kansa, kowa ya sani.

Ni ce mai buɗe ƙofa, ni ce mai shara, ni ce mai buga ƙarfen kira, ni ce mai ɗaga waƙa. Kuma ni ce mai tulu. Wanda bai san zumuntar mata ba zai ce tulu ai na ruwa ne. Namu na kiɗa ne, ana dukan bakinsa da ɗan faifan soso, shi kuma yana amsawa daga ciki, waƙa ta hau kansa ta zauna. Surukata ta buga shi har hannunta ya gaza, ta miƙa mini. A al'adarmu tulu ba ya bin mace in za ta bar gari, sai ta damƙa wa wata. To ni wa zan damƙa wa? Mu huɗu muka rage a zumuntar: tsofaffi biyu da hannunsu ke rawa ba tare da kiɗa ba, sai Yaya Kande, yayar maigidana, wadda in ta buga tulu awaki kan tsinke igiya.

Ɗana Iliya, da ke aikin walda a Kano, ya daɗe yana cewa in tattara in koma wurinsa. Bana na ce masa to, bayan kaka ya zo da mota. Na san in na tafi ƙofar nan ta rufu ke nan, kuma na amsa duk da haka. Ba zan ɓoye muku ba, fushi nake yi da Ubangiji. Shekara talatin ina share masa ɗaki, ya bari ruwa ya kayar da bangon, alhali rumbun Baba Dogo da ya karkace tun ina goyon Iliya yana nan tsaye ƙyam.

Ana haka 'yar Yaya Kande da ke aure gaba da Maraɗi ta aiko cewa za a yi babban taron mata a wajensu, mu zo. Sai dabara ta faɗo mini. Na ce zan kai tulun can, in ba wata zumunta mai jama'a, in dawo hannu sake in jira motar Iliya. Yaya Kande kaɗai na gaya wa. Ta dube ni ta ce, "To." Wannan "to" ɗin nata na san shi, ba na yarda ba ne, na jira ki gani ne.

Ranar Laraba da sassafe babur biyu suka kai mu bakin titi a Tsanyawa. Ni da tulu naɗe cikin tsohon zani, Yaya Kande da ƙullin daddawa da kuka da yaji kamar wadda za ta ƙasar da ba a taɓa yin miya ba. Direban motar Katsina ya ce, "Hajiya, kawo tulun a ɗaure a but." Na leƙa but ɗin, na ga buhunan masara, da tayar mota, da injin ban-ruwa. Na ce masa na gode, a cinyata zai zauna. Kuma ku sani, daga Tsanyawa har Maraɗi ba wanda bai kira ni Hajiya ba. Ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma na sha Hajiya har na fara waigawa.

A kujerar mutum uku aka zuba mu mu huɗu, tulu na biyar. Kusa da ni wani Alhaji ne mai fataucin shanu, mutumin kirki, sai dai Allah ya hore masa shawara. Tun kafin Kankiya ya gaya mini tukwane sun fi araha a Maraɗi, ya gaya mini wanda ya kai tulu Nijar ya yi asarar ƙarfinsa, ya kuma kawo shawarar in sayar wa wani a hanya in huta. Da rana ta yi zafi daddawar Yaya Kande ta fara gabatar da kanta, sai Alhaji ya koma ba taga shawara, ya ƙyale ni. Duk ramin da direba ya faɗa, sai in rungume tulun in ɗaga shi sama, ƙashin bayana ya karɓi dukan. Abin da za ni in yar, shi nake karewa da haƙarƙarina. Na lura da haka, na yi tsaki, na ci gaba da rungumewa.

A Katsina muka sake mota zuwa Jibiya. Hanyar nan kowa ya san ba a yi mata dare, motar ta yi tsit, Musulmi na jan carbi, mu muna namu a zuci. Iliya kuwa duk bayan ɗan lokaci sai ya bugo waya: "Mama, kuna ina? Ai na ce kada ki je." Na ce masa in yana son ya san inda nake ya bar batirin wayar ya kai ni. Allah ya taimake mu muka isa lafiya.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Muka nuna katin shaida, ba matsala. Wani jami'i dogo, mai ladabi, ya buɗe ƙullin Yaya Kande, ya yi saurin rufewa. Sannan ya zo kaina.

"Mama, mene ne a cikin tulun?"

"Ba komai, ɗana."

Ya kwance zanin, ya leƙa, ya haska da tocila, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya juya shi ya girgiza. Ba komai. Wannan rashin komai ɗin shi ya fi damunsa. Da ya samu wani abu da hankalinsa ya kwanta.

"Mama, tun daga jihar Kano kika ɗauko tulu wayam, za ki kai ƙasar da kowane gida akwai tulu?"

"Na kiɗa ne. Na coci."

Ya kira abokin aikinsa, suka yi shawara, suka dawo. Ya ce, "To in na kiɗa ne, a buga mu ji."

Jama'a, wata huɗu rabona da taɓa tulun nan, tun faɗuwar bango. Na zauna a kan wani benci a tsakiyar rana, ga direbobi, ga masu canjin kuɗi, ga masu sayar da rake, na ciro faifan soso na ɗora. Bugu ɗaya, biyu, sai Yaya Kande, wadda ba wanda ya roƙa, ta ɗaga waƙa da muryar nan tata mai kama da ƙofar langa-langa. Dole na karɓa don in rufa mana asiri. Muka yi baiti guda cur a kan iyakar ƙasa biyu. Wani mai rake har da gyaɗa kai. Jami'in ya yi dariya ya ce, "Na yarda, Mama. Allah ya kiyaye hanya." Na naɗe tuluna ina jin haushi, don hannuna bai manta komai ba, kuma ya ji daɗin bugun, ni kuwa ban ba shi izini ba.

Da muka shiga Nijar abin da ya fara ba ni mamaki shi ne fili. Gona ce har iyakar ganinka, ba gida, ba shinge, ba wanda ke tsaye yana harararka don akuyarka ta leƙa kuyyarsa. Na ce wa Yaya Kande da an kawo mai motsa jinin nan namu nan, da ya taka har ƙafarsa ta kumbura. Amma ƙasar rairayi ce, karan geron siriri, ka san ana shan wuya kafin a ci. A Maraɗi kuma na ga mata da zani da mayafi suna tuƙa babur da kansu, ba wanda ya ko waiga. Hausarsu Hausa ce, sai dai suna yayyafa mata Faransanci. Makaranta wai lakwal. Burodin kuwa gaskiya ne, dogo ne, ana rataya shi a hammata kamar sanda, kuma in ya kwana biyu aikin sandar zai iya yi.

Garin taron yana gaba da Maraɗi kaɗan. A lakwal ɗin aka sauke mu, aji guda mata sun fi talatin, kowa da tabarmarta. Makewayi biyu ne ga mata ɗaruruwa, saboda haka duk wadda ke son koyon haƙuri ba ta bukatar wa'azi, layin wanka ya ishe ta. Abinci kuwa fura ce da safe, fura da rana, da yamma a kawo kwaɗon zogale, sannan a tambaye ka ko za ka ƙara da fura. Shayinsu a ɗan kofi kamar murfin kwalba, sai an dafa sau uku, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Daddawar da na yini ina zagi ita ta zama sarauniya. Kafin azahar ɗin Alhamis duk matan madafa sun san sunan Yaya Kande, ni kuwa ana ce mini mai tulu.

Ban ɓata lokaci ba na fara neman wadda zan ba. Idona ya faɗa kan zumuntar birni. Su kusan sittin, anko iri ɗaya har ɗankwali, da piyano, da lasifika, da janaretansu na kansu. Shugabarsu wata ce da kowa ke kira Madam, mai tabarau da igiya a wuya. Na yi wanka, na ɗaura zanina mai kyau, na ɗauki tulun na je na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani tun daga surukata.

Ta ɗaga tabarau ta ce, "Ayya! Irin na da! Kakata ma tana da irinsa." Ta shafa shi da yatsa biyu. "Mu yanzu duk muryar tulu tana cikin piyano, maɓalli ɗaya ne. Amma zai yi kyau a bakin ƙofa, a zuba ƙasa a dasa fure."

Fure. Tulun da ya raka gawar surukata da ta mijina har bakin kabari. Na ce mata na gode, zan yi tunani. Na koma na zauna, kuma Allah ya gafarta mini, na roƙe shi janaretan nan ya mutu a tsakiyar waƙarsu. Bai mutu ba. Ya yi ta aiki lafiya lau har aka tashi taro. Wannan ma na ƙara shi cikin abubuwan da nake riƙe da su a zuci.

Ranar Juma'a aka yi abin da ba mu yi a wajenmu. Mu in ana taro, wata ta ɗaga waƙa kowa ya karɓa. Su kuwa kiran suna ake yi gari-gari. In an kira garinku sai ku miƙe ku kaɗai, ku yi waƙa ku kaɗai, ba mai taya ku ko da tafi, sannan ɗayarku ta yi gajeriyar addu'a, sai duk taron ya ce Amin. Wai don a ga kowace ikilisiya da ƙafarta. Na ce lallai wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa zama mutum biyu a gaban ɗari biyar ba.

Aka kira birni, ƙasa ta girgiza. Aka kira wasu garuruwan, masu mutum ashirin, masu talatin. Sai na ji, "Baƙinmu daga Najeriya, Gidan Nomau." Muka miƙe, ni da Yaya Kande da tulu. Najeriya guda, mutum biyu. Na buga, ta rera, na ga wasu 'yan mata suna toshe baki da gefen mayafi. Na yi addu'ar a gurguje na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage. A raina na ce shi ke nan, wannan ne bugu na ƙarshe, kuma ya dace da yadda abin ya ƙare.

Sai aka kira wani ƙauye da ban riƙe sunansa ba. Shiru. Aka sake kira. Can baya wata tsohuwa ta dafa bango ta miƙe, 'yar ƙarama, zaninta ya koɗe har ba a gane launinsa. Ita kaɗai. A hannunta jarkar mai ce ta roba, rawaya, wadda ta sha duniya. Ta maƙale ta a hammata ta fara duka da tafin hannu, ta ɗaga waƙa. Muryar ta tsufa, tana kai wa wani wuri ta yanke, sai ta haɗiye yawu ta ci gaba. Baiti huɗu ta yi, ba ta rage ko ɗaya ba, ba ta kuma yi sauri ba. Da ta yi addu'a ta kai ƙarshe, sai ta yi shiru ta rufe ido ta karkata kai, kamar mai jiran a zuba mata ruwa. Taron ya ce Amin. Ta daɗe a tsaye bayan an gama, sai da wata ta ja zaninta.

Na ce alhamdu, ga mai tulu ta samu. Mai buga jarka ai ba za ta dasa fure a ciki ba.

Da rana na same ta a gindin wata bishiyar bedi tana shan fura. Sunanta Inna Hannatu. Ni da Yaya Kande muka gaishe ta, ta matsa mana a tabarma, ta miƙo ludayi. A amalanken shanu ta zo, yini guda. Ta ce da su ma suna da yawa, shekarun yunwa suka kwashe wasu, birni ya kwashe saura, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna can arewa wajen aiki. Maƙwabtanta Musulmi ne, su ke ɗebo mata ruwa, su suka gyara mata ɗaki, ko amalanken ma na mai garin ne. "Ba abin da suka rage ni da shi," in ji ta. "Sai dai ranar Lahadi ba ta kowa ba ce a garin sai ni."

Na tura tulun gabanta na ce, "Inna, ga wannan. Ya fi jarka."

Ta kwance zanin, ta ƙwanƙwasa cikinsa da ɗan yatsa, ta kasa kunne. Ta ce, "Kai, wannan ya sha hannu. Me ya yi miki?"

Sai na kwance mata nawa ƙullin. Na faɗi bango, na faɗi fasto, na faɗi mai auna gyaɗa, na faɗi motar Iliya. Na iya ba da labarin nan, na sha ba da shi, na san inda ake cewa Allah sarki. Ita ba ta ce ba. Ta ce, "Ku nawa kuka rage?"

Na sauke murya na ce, "Mu goma sha ɗaya kacal."

Ta ajiye ludayin. "Sha ɗaya?"

"Sha ɗaya, Inna."

"'Yar nan, kina nufin in kin yi addu'a, baki goma ne ke ce miki Amin?"

Yaya Kande ta ce, "Tara dai. Baba Dogo barci yake yi."

Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari, ta share ido da bakin zani. Sannan ta ce, "Ni shekara bakwai ke nan, in na yi addu'a ni ke ce wa kaina Amin. Ka roƙa, ka amsa wa kanka, kamar mai sallama a kango. Ba na karatu, waƙoƙin da na riƙe su nake juyawa. Abin da ke kawo ni nan duk shekara ke nan, in ji shi daga bakin wani. In na ji na yau, sai in yi ta lasa har baɗi."

Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin komai. Na ɗauko baƙin cikina tun daga Tsanyawa, na rungume shi a cinya, na tsallaka da shi iyaka, ga wata tsohuwa da jarka ta sa ya zama abin dariya. Na ce, "To Inna, ni dai na gaji. Na gama magana da ɗana. Ki karɓi tulun."

Ta mayar da zanin ta rufe shi, ta turo mini. "Tulu na masu jama'a ne. Ni wa zan buga wa? Jarkata ta ishe mu ni da Shi." Ba ta yi mini wa'azi ba, da ta yi da na samu abin musu. Ta ce, "In kin gaji ki tafi, Ubangiji yana Kano ma. Abu ɗaya zan roƙa. Ni da hantsi nake addu'ata ranar Lahadi. Ku ma da hantsi ne?"

Na ce da hantsi ne.

"To ki bar wa mutanenku saƙo. In sun ce Amin ɗinsu, su ƙara guda, nawa ne. Ni kuma a nan in na kai ƙarshe sai in yi shiru, na san ana faɗa mini a wani wuri."

Na ce to. Yaya Kande ta ce, "Na ji, ni ce shaida." Kuma duk wanda ya san Yaya Kande ya san ta fi rediyo riƙe magana, ta fi shi maimaitawa.

Ranar Asabar muka juyo. A kan iyaka muka sake faɗawa hannun jami'in nan dogo. Ya dubi tulun, ya dube ni, ya ce, "Mama, ba a saya ba?" Na ce masa ba a yi ciniki ba. Bai ko leƙa ciki ba. Tun daga Jibiya har Tsanyawa ina lissafin wanda zan bar wa saƙon tsohuwar nan. Yaya Kande ba ta iya ɗaga ƙarfen kira. Tsofaffin biyu sai an je an kamo hannunsu. Baba Dogo kuwa sai dai a bar masa saƙo a mafarki. Duk ta inda na juya lissafin, wuri ɗaya yake faɗawa: in na tafi ba mai cewa na farkon, balle na biyu. Tsohuwa za ta kai ƙarshen addu'arta ta yi shiru ta karkata kai, a nan kuwa gyaɗa ce ke tsiro.

Washegari Lahadi na buga ƙarfe, muka taru a gefen da bango bai faɗi ba. Na ba su labarin Inna Hannatu a taƙaice, na yi addu'a, suka ce Amin. Na ɗaga hannu, muka ɗan yi shiru, muka sake cewa. Wannan na biyun da ƙarfi ya fito, har ya tayar da Baba Dogo, ya zabura ya ce "Amin!" shi ma. Shekara da shekaru bai samu namu ba, ga shi ya samu na baƙuwa. Muka yi dariya, sai na ga Yaya Kande ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ni ma tulun na sunkuya ina dubawa.

Iliya ya zo da mota bayan sati biyu kamar yadda muka yi. Ya tarar da ni a bayan majami'a ina kwaɓa ƙasa, ƙafa duk taɓo.

"Mama, ina kayan?"

"Suna inda suke."

Na gaya masa. Ya saurara, ya shafa kai, ya ce, "Mama, a cocinmu na Kano mutum dubu ne. In Amin ne, sai a ce mata dubu."

Na ce, "Ba dubu ta roƙa ba. Na mutanen Gidan Nomau ta roƙa, kuma da bakina na amsa."

Ya yi fushi, ya ce taurin kai ne, na ce ya tambayi dangin ubansa inda na koya. Ya zauna a mota ya kai rabin awa. Daga baya na ga ya fito ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi fartanyar daga hannuna. Motar da aka kawo don kayana, buhun gero biyu ta koma da shi.

Kada wani ya ce na dawo da wani abin al'ajabi. Fasto bai zo ba, manya suna nan suna addu'a. Tubalin da muka yi bai kai rabin bango ba. Mai motsa jini har yanzu yana wucewa ta wurin, sai dai ya rage ƙirgawa da ƙarfi. Fushina da Ubangiji ma bai gama sauka ba, muna dai magana yanzu, ni da Shi. Tsarabar da kuke tambaya kuwa, burodi ne guda biyu, kuma Yaya Kande tana korar kaji da ɗaya.

Iyakar labarin Maraɗi ke nan. Ku da ke wucewa ta bayan majami'a ranar Lahadi kuna jin mun ce Amin sau biyu, kuna cewa tsofaffin nan sun fara mantuwa, ba mantuwa ba ce. Na farkon namu ne. Na biyun na wata tsohuwa ce can bayan iyaka, wadda a daidai lokacin ta ajiye jarkarta, ta rufe ido, tana jira.